Taku Huɗu da Rabi

Na auna wurin da ƙafata:
taku huɗu da rabi a tsaye,
uku a kwance, in ka cire gindin tanki.
Tsakanin bangon makewayi da katangar Anti Dede,
nan Nima ta rage mini,
kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Mai gida, Baba Seidu, ya ce, "Shuka abin da kake so,
amma kar ka taɓa mini siminti."
To, na bar masa simintinsa.
Na roƙo tayoyi biyu gun mai faci,
na yanke kawunan jarkoki uku,
gwangwanayen madara na huda su da ƙusa.
Turmin Inna, da ya tsage shekarar da ta rasu,
na ba shi lalle, ya riƙe.

Ƙasa ma saye na yi.
Buhu guda daga Madina, a cikin tirotiro.
Yaron mota ya caje ni kuɗin mutum,
na ce ba komai, ai ita ma zama za ta yi.

Kwana bakwai ina gadin rana
don in san ta inda take leƙowa.
Ƙarfe goma take sauka kan katanga,
kafin azahar ta tattara ta wuce
kamar mai karɓar adashi.
Sai na ba barkono wurin zafi,
na'a-na'a ta shige inuwa,
ɗoɗɗoya kusa da inda zan jingina kai.
Kabewa na ɗaura mata igiya:
tunda ƙasa ta ƙare, ta nemi sama.

Kujera ɗaya na sa a lissafi.
Ɗaya tak.

Ban kori hayaniya ba, kar in yi ƙarya.
Injin niƙa na nan, hon na nan,
lasifikar coci da ta masallaci na gaisawa bisa kaina,
babbar kwata na aiko da warinta in iska ta juyo.
Amma in na murza ganyen ɗoɗɗoya a tafin hannu
sai Ankara ta ja da baya taku guda.
Takun nan ya ishe ni.

Akuyar Mumuni ta cinye zogalen sau biyu,
sau biyu ya tofo.
Anti Dede ta miƙo tsiron gwaza ta kan katanga,
ba ta ce komai ba.
Adiza ta ɗakin ƙarshe ta zo da littafin lissafinta,
wai nan ne kaɗai lambobi ke tsayawa wuri ɗaya.
Yanzu benci ne; kujerar ta koma ɗaki.

Jiya na ga Baba Seidu da magini
suna auna wurin da ido,
suna zancen ɗakin haya.
Ban ce uffan ba, na ci gaba da ban ruwa.
Kakana da buzu da buta ya sauka garin nan.
Mu 'yan zango mun san saiwa a gwangwani:
ran da aka ce tashi,
sai ka ɗora lambunka a ka.

Turmin ne kawai zai so mutum biyu.