Buhun da Na Ɗinke da Hannuna

Ranar Talata a kasuwar Sabon Gari,
bayan layin masu barkono,
na ci karo da buhuna.

Ba kama ba ce, nawa ne.
Ga ɗinkin bakinsa da shuɗin zare,
ƙulli uku, na ukun a karkace,
don ranar da na ɗinke shi a Dakace
basilla ta soke ni a babban yatsa.
Ga ma tabon jinin, ya yi baƙi kamar daddawa.

Na tsaya. Shi bai gane ni ba.

Wata takwas ke nan da rabuwarmu.
Da kaka ne, masara na ƙamshin rana,
motar Alhaji Mudi ta tsaya gindin ɗorawa,
yaronsa rungume da littafin bashi.
Buhu biyu na taki na ci da damina,
buhu bakwai na masara suka hau mota.
Lantana na leƙe ta saman danga,
tana ƙirga su da leɓe, ba murya.

Huɗu suka rage.
Ɗaya ya bi zazzaɓin Tasi'u zuwa asibitin Shika,
ɗaya makaranta ta haɗiye,
biyu muka ci, sannu sannu,
kamar masu tsoron kada rumbu ya ji.
Ya ji.
Yau ko ɓera ba ya kwana cikinsa.

Na ce da ma'auniya, nawa tiya?
Ta faɗa, ba ta ɗago ba.
Kuɗin da ta kira,
a kansa na sallama tiya uku da kaka.
Na ce, baiwar Allah, ni na noma ta.
Ta ce, Baba, kowa haka yake cewa.
Ni ma sarowa na yi.
Tambayi mai sito, tambayi gidan mai,
tambayi masu shinge a hanya.
Sai ta sa yatsa biyu
ta rage wa tiyar tozo.

Ban ji haushinta ba.
Na ga ɗanta a goye yana tsotsar bakin zane.

A rediyo wani mai santsin murya ya ce
bana kakar manoma ta yanke saƙa,
tunda hatsi ya yi daraja.
Wane manomin?
Tsada ba ta san hanyar gona ba.
Sai hatsi ya bar hannun mai kanta,
ya kwana a sito, ya sha magani, ya huta,
sannan take zuwa gaishe shi.

A gida kunu ya tsinke
har Hansatu na duba fuskarta a kwano.
Tafasa da rama sun zama tuwo,
su ne kuma miya.
Tasi'u ya daina tambayar me aka dafa.
Wannan shirun ya fi kukansa nauyi.

Kuɗin da ke aljihuna na taki ne.
Masarar bana ta kai gwiwa,
ganyenta ya fara rawaya,
ita ma yunwa take ji,
ita ma ni take kallo.
Baki biyu, loma ɗaya.

Na sayi tiya guda.
Ta juye min a baƙar leda.
Na ce, in ba damuwa, ba ni zaren can.
Ta dube ni kamar mai taɓin hankali,
ta tsinko, ta miƙo.

Na ɗaure ledar a bayan keke,
na gangara, na haye Galma,
ruwa ya cika, ja wur, yana wucewa abinsa.
Masarata na bayana tana kaɗawa,
baƙuwa ce yau, zan kai ta gida.

Gindin ɗorawa na hango mashin a kafe.
Yaron Alhaji Mudi ne.
Ya riga ya buɗe sabon shafi,
ya rubuta sunana da kyau,
har ya ja layi.