Kofi Mai Jan Zare

A Silhet, inda ruwan sama ba ya gajiya,
tun da likita ya ce sankarar mama ce
maƙwabciyata Rokeya ta ɗaura wa kofin shayina jan zare,
kar bakin wani ya yi kuskure.

Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa,
keke ya yi tsatsa.
A bakin famfo ana cewa alhaki ne.
Na wa? Shiru.

Ranar da gashina ya ƙare
na karɓo kofin, na huda gindinsa,
na shuka barkono.

Jiya Rokeya ta leƙo ta katanga,
wai miyarta ba yaji.
Na tsinko mata uku, jajaye.
Ta daɗe tana kallon tafina
kafin ta miƙo nata.