Lamba Goma Sha Ɗaya

A Aboabo kowa ya san takun Baba Tanimu,
mahaucin da ke saɓa cinyar bijimi shi kaɗai.
Yanzu ko zanen gado ya shafi babban yatsan ƙafarsa
sai ya kira sunan uwarsa da ta daɗe a ƙasa.
Yatsan ya yi jawur, yana sheƙi kamar tumatirin Kejetiya.
Likita ya ce wani gishiri ne ke taruwa a gaɓa,
tsini-tsini, kamar an daka kwalba an zuba.

Ni lafiyata ƙalau.
Shi ya sa suka ɗauke ni.

Takarda shafi tara Sista Serwa ta karanta mini,
ta tsaya a layin da ya ce: ba mu sani ba tukuna.
Ta ce duk sa'ar da na so, in ɗauki jakata in tafi.
Na sa hannu. Biron ma nata ne.

Mu goma sha biyu a ɗaki, ba mai ɗingishi ko ɗaya.
Ba waraka ake nema a jikinmu ba,
so ake a ji ko ƙwayar tana cizo,
ko hanta za ta yi fushi, ko ƙoda za ta yi yaji.
Da kaɗan aka fara, bai kai ƙwayar gero ba.
Wasunmu gari zalla suka haɗiya,
Sista kanta ba ta san su wa ba.

Ƙarfe shida, jini. Ƙarfe takwas, jini.
Fitsarina a gora, da lamba a jiki kamar huhun goro.
Opoku na gadon kusa ya ce kansa na sarawa,
aka rubuta.
Na ce ina jin ɗanɗanon ƙusa a harshe,
aka rubuta.
Ban taɓa zama inda maganata ke da tsada haka ba.

Kuɗi? Akwai 'yan sidi, ba zan ɓoye ba,
mai gidan haya bai san jarumta ba.

Da dare Baba ya bugo waya:
"To, ya yi aiki?"
Na ce, Baba, ai ni ba ni da ciwon.
Ya yi shiru. Na ji sandarsa ta faɗi a siminti.
"To me ya kai ka?"

Shekara nawa kafin ƙwayar nan ta isa kantin magani,
in ma ta isa?
Baba ya ba saba'in baya.

Na dubi babban yatsan ƙafata can ƙarshen gado,
irin nasa sak,
har lanƙwasar farcen.