Abin da Dutse Ke Faɗa

Ƙarfe biyar na asuba a Kiruna,
duhu ba shi da niyyar tafiya sai bayan wata guda.
Motar aiki na gangarawa da mu cikin dutse,
lanƙwasa bayan lanƙwasa, mita dubu da ɗoriya,
har kunne ya toshe, har hira ta mutu don kanta.

A can ƙasa aikina guda ne:
in ɗaga sandar ƙarfe in ƙwanƙwasa rufin rami.
In ya amsa da tsakin murya, mu wuce.
In ya yi ƙarar ganga mai fasasshiyar fata,
mu ja da baya, ba musu.
Shekara ashirin da biyu ina wannan gaisuwa,
har yau gwiwata ke riga kunnena jin amsa.

Ɗana Sixten, shekararsa sha shida,
mai tsaron raga ne a hokin ƙanƙara.
Kafin a hura usur yakan juya
ya bugi ƙarfen raga da sandarsa: dama, hagu, dama.
Bai san inda ya gado wannan ba.

Watan jiya faifan robar nan,
baƙi, daskararre, mai gudun tsiya,
ya same shi ƙasan haɓa, daidai inda kariya ta ƙare.
Ya miƙe. Har ya ɗaga wa 'yan kallo hannu.
Amma tun ranar, da an ɗaga sanda
idonsa ke ƙiftawa kafin faifai ya taso.
Ƙiftawa ɗaya tak, kuma ita ce ci.

Ranar Asabar mutumin Skellefteå zai zo,
mai ɗan littafi, ba ya tafi, ba ya murmushi,
yana auna 'ya'yan mutane kamar buhunan dankali.

Daren Alhamis na iske yaron a gareji
yana naɗa wa sanda baƙin tef,
ya warware, ya sake naɗawa.
"Baba, kai ka taɓa jin tsoro a can ƙasa?"

Amsar da na saba tana bakina,
wadda nake miƙa wa uwarsa Maarit tare da kofin gahawa.
Na haɗiye ta.

Na ce: Rauno ne ba ya jin tsoro.
Yakan yi fito ƙarƙashin rufin da ke yayyafin tsakuwa,
yana mana dariya.
Hular kwanonsa na nan rataye a ƙusa ta huɗu,
ba wanda ya sauke ta,
ba wanda ya ɗora tasa a kai.
In ka ji ana ƙi-gudu, ɗana, sa-gudu ne bai zo ba.

Ni ban kori nawa ba. Aiki na ba shi.
Shi ke riƙe mini fitila,
shi ke jin numfashin dutse tun ban ji ba.
Da yamma mu hau tare,
in kulle shi a akwati da takalman aiki.
Wata rana ya ƙi kulluwa, ya biyo ni gida,
ya kwanta tsakanina da uwarka.
Ta sani. Ba ta taɓa cewa ta sani ba.

Bai ce komai ba.
Ya yanke tef ɗin da haƙori.

Asabar, minti na uku, ya ƙifta. Aka ci.
Na ga ya sunkuya yana magana cikin hularsa,
ba da kowa ba, ko kuwa da wani.
Biyu suka wuce shi a daren, talatin da ɗaya ya tare,
ɗaya da wuyan nan dai.
Mai littafi ya rubuta wani abu gajere.
Ko sunan ɗana ne, ko lokacin jirgin ƙasa, oho.

Litinin na sauka.
Na ɗaga sanda, na gaida rufi:
dama, hagu,
sai na tsaya, hannu a sama,
na saurari abokin tafiyata tukuna.
Dama.