Katako na Uku

Merle ya saye ta dala ashirin,
ragowar kayan soja da gwamnati ta yi gwanjonsu.
Ya shigo da ita naɗe cikin takarda mai maiƙo
kamar wanda ya sayo kifi.
Gajeriya ce, ba nauyi.
Ya ce, "Loretta, ko ke za ki iya riƙe ta."
Na ce masa ni keken ɗinki na roƙa.

A ƙotarta akwai tabo uku
da haruffa biyu da aka zana da tsinin wuƙa,
aikin wani yaro da ya kwana rungume da ita
cikin ramin sanyi a Koriya.
Ban san ko ya dawo ba.
Ita dai ta dawo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rufe Merle.
Gonar alkama na ba da haya,
na bar wa kaina gida, da kaji, da kare kurma.
Nan Dakota ta Arewa, in ka kira 'yan sanda
sai shayinka ya huce, ka dafa wani,
kafin fitilarsu ta ɓullo.
Shi ya sa take jingine bayan ƙofar ɗakina,
ina shafa mata mai duk farkon sanyi
ranar da nake fara shafa wa gwiwoyina.

Daren Talata, ƙarfe biyu da kwata,
dusar ƙanƙara ta toshe hanya tun magariba,
na ji an taka katakon baranda,
na ukun nan mai kuka, wanda Merle ya mutu bai gyara ba.
Mariƙin ƙofa ya juya. Ya tsaya.
Ya sake juyawa.

Ban san lokacin da na ɗauke ta ba.
Ƙafa ba takalmi, daɓe kamar ƙarfe,
ƙirjina na lugude,
yatsana a gefe, nesa da kunama,
don abu ɗaya da ya yi ta nanata mini ke nan:
"Harsashi ba ya jin kira. Ki ga fuska tukuna."

Na kunna fitilar waje da gwiwar hannu.

Orval Tveit ne.
Shekara tamanin da shida, rigar barci, takalmi ƙafa ɗaya,
gemu ya daskare fari fat,
yana cusa makullin da ba na ƙofar nan ba.
Mil ɗaya da rabi ya tako daga gidan 'yarsa.
A ɗakin da nake ajiye dankali aka haife shi,
tun kafin surukaina su sayi gidan.
Ya ce, "Mama, buɗe, na makara."

Na buɗe.
Bai san ni ba. Bai san shekarar da muke ciki ba.
Amma da idonsa ya faɗa kan abin da ke hannuna
sai ya miƙe ƙiƙam kamar an kira sunansa a fareti,
ya ce, "Bakinta ƙasa, soja. Akwai mutane a gidan nan."
Na sauke.

Na zare harsasan, na zuba a gwangwanin maɓallai,
na lulluɓe shi da bargon Merle,
na tsoma ƙafarsa a ruwan ɗumi, na buga wa Darlene waya,
ta fashe da kuka tun ban gama faɗin sunansa ba.
Ya sha madara mai zafi,
ya bi haruffan ƙota da yatsa mai rawa,
ya ce ya san wani mai irin sunan, ɗan Ohayo,
mai yawan fito da dare.
Ban tambaye shi ƙarshen labarin ba.

Da asuba motar share hanya ta zo, suka tafi da shi.
Na wanke kofi biyu.
Na fita, na taka katako na uku, ya yi kukansa,
na fasa kiran kafinta.
Bindiga ta koma bayan ƙofa.
Harsasai na nan cikin gwangwani har yau,
in na lalubi maɓalli sai yatsana ya ci karo da sanyinsu,
in ce gobe zan mayar,
in zura zare a allura.