Randar da Ke Gindin Dogon Yaro

Tumba ta aiko mini da iri cikin ambulan
daga garin da take karatun jinya,
inda rana ke faɗuwa ana idar da la'asar.
A jikin takardar akwai hoton wani fure
mai sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi,
ƙanƙara ta binne shi har wuya.
Ta rubuta: Baba, wannan cikin sanyi yake buɗewa,
gwada mu gani.

Na gwada.
Na sa shi a tsohuwar randa mai tsagu,
gindin dogon yaro, inda inuwa ke daɗewa.
Har ƙanƙarar shago na riƙa sayowa
ina jera masa kamar mai zazzaɓi.
Ya fid da kunne biyu.
Ranar da bazara ta sauka Mabera
ya kwanta, ko sallama babu.
Ban ga laifinsa ba.
Ni ma da aka tura ni kwas Jos
kwana tara na yi ina tari.

Sai na hau babur zuwa wurin Arzika,
mai dashe a hanyar Kwalkwalawa.
Ya ji labari, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
"Mi kaka biɗa ga abin da bai son ka?
Ga kariya nan, ita da rani 'yan ɗaki guda na."

Huɗu na ɗauka.
Ja wur, kamar an yanka kankana.
Fara, wadda furenta ke daƙwalewa da rana ta taɓa shi.
Mai ninki, ganyen fure bisa ganyen fure,
kuɗinta ya kai rabin buhun gero,
ban faɗa wa Ige ba har yau.
Ta huɗun gyara ce aka ba ni:
ƙatuwar ciki, reshe uku a karkace,
babu ganye, babu alamar za ta yi wani abu.

Yashin gulbin Rima kashi biyu,
tsohon kashin shanu kashi ɗaya,
katanga a ƙasan tukunya don ruwa ya wuce.
Arzika ya ce a tsare awaki da jikoki,
ruwan jikinta dafi ne.
Ya ce ban ruwa sau ɗaya a mako,
ni kuwa hannuna bai iya rowa ba.
Mai ninkin nan, mai tsadar,
kullum ina kanta da buta,
har ta ruɓe daga gindi, ta yi laushi kamar dafaffen rogo.
Ige ta dubi tukunyar, ta dubi ɗan garuwa yana ƙirga canji,
ba ta ce komai ba.
Wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Jar ta yi kyau, masu wucewa kan tsaya.
Farar tana nan, sai da lallashi.
Amma in ka tambaye ni,
zan kai ka wurin mai ƙaton cikin.
Na manta da ita wata biyu a bayan ɗakin girki.
Cikin kwanakin da kwalta ke narkewa,
ƙadangare ma yana ɗaga ƙafa,
na zagaya neman igiya,
sai na tarar da ita ta cika da fure,
ruwan hoda, baki ja-ja, maƙoshi fari,
kan rassan da ko ganye ɗaya babu.

Ita na mayar cikin randa mai tsagu.
Na ja randar daga inuwa zuwa tsakar gida.

Na tura wa Tumba hoton.
Ta ce in aika mata reshe ta sa a taga.
Na ce bar ta nan, sanyinku zai kashe ta.
Ki zo da kanki watan Afrilu, ki gani.