Kujerar Tela

Shekara ashirin da bakwai ina taka keke
a rumfar ɗinki ta Ƙofar Marusa.
Na miƙe wa mutane kafaɗar riga,
tawa kafaɗar ta karkace.
Ruku'u ma ya zame mini aiki,
sai na dafa bango nake ɗagowa.

Na sha ƙwaya, na sha sassaƙe,
wanzami ya yi mini ƙaho sau uku.

Sai ga Barira 'yar Malam Ɗayyabu,
wadda na ɗinka wa kayan firamare.
Yanzu likitar gashi ce,
fanninta bayan masu sana'a.
Ta tsaya tana kallon zamana
kamar yadda nake kallon yadi kafin in sa almakashi.

"Baba, ciwon ba a jikinka ya fara ba."
Ta ari tef ɗina ta auna kujera,
aka ƙara mata katako, yatsa huɗu.
"In ka gama riga, tashi ka miƙe,
taka zuwa wurin mai shayi ka dawo."

Na yi dariya. Duk karatun, katako?

Jiya da Asuba, a sahun farko,
na ɗago ban nemi bango ba.
Da hantsi na tarar da yaran shago
suna rigimar tef,
kowa zai auna kujerarsa.